Ƙodar Dattijo da Mizanin Magani

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye a jikin ɗan Adam, da wuya a sami wadda take aiki dare da rana cikin shiru, ta kuma jure zalunci ba tare da ta kai ƙara ba, kamar ƙoda. Domin kuwa idan haƙori ya lalace mai shi ba ya barci, idan ciki ya ɓaci sai gida duka ya sani, amma ƙoda tana iya rasa rabin ƙarfinta, har ma fiye da rabi, alhali mai ita yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci, bai ji ko ɗar ba. Wannan shiru nata shi ne asalin musibar da nake so in yi bayani a kanta, watau yadda magungunan da muke saya wa iyayenmu da kakanninmu da guminmu, cikin kyakkyawar niyya, muna neman albarkarsu, sukan wayi gari su ne sababin mutuwar ƙodarsu.

Kafin mu kai ga magani, wajibi ne mu fara sanin aikin da ƙoda take yi. Ƙoda biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙashin baya, daidai ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, kuma kowace ɗaya nauyinta kimanin giram 150 ne kacal. Amma duk da wannan ƙanƙanta, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinsu yake bi. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma su ne suke tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini da dare ɗaya, sa'an nan su mayar wa jiki kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu kaɗai a matsayin fitsari, ɗauke da dattin da jiki ba ya bukata. Cikin wannan datti har da ragowar magunguna, domin abin da mutum ya haɗiya ko aka yi masa allurarsa, bayan ya gama aikinsa, galibi ta hanta yake fita ko ta ƙoda, ko kuwa ta dukansu biyu. Ke nan likitan da ya rubuta ƙwaya biyu da safe, biyu da yamma, ya rubuta ne bisa zaton cewa kafin ta yamma ta shiga, ƙoda ta riga ta rage ta safe.

To, a nan ne tsufa ya shigo cikin lissafi. Masana ilmin tibbi sun tabbatar cewa da zarar mutum ya haura shekara 40, ƙarfin tacewar ƙodarsa yakan fara ja da baya sannu a hankali, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, ko da kuwa ba shi da wata cuta, har ya zamana ɗan shekara 80 sau da yawa abin da ya rage masa bai fi kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙuruciyarsa ba, wani ma rabi. Gaskiya ne ba kowa wannan ke sama ba, don wani dogon nazari da aka yi a birnin Baltimo na Amurka, aka buga shi a 1985, ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku ƙodarsa ba ta ragu ba. Sai dai tun da ba a gane wannan a fuska ko a ƙarfin tafiya, hankali ya hukunta a ɗauki kowane tsoho a matsayin mai raunin ƙoda har sai gwaji ya wanke shi. Idan kuwa aka ɗora hawan jini da ciwon sukari a kan tsufa, waɗanda su biyun ne manyan sabubban lalacewar ƙoda a duniya duka, raunin sai ya ninka. Daga wannan rauni illa biyu ke fitowa. Ta farko, maganin da ya kamata ya fita sai ya yi zamansa cikin jini yana taruwa, har awon da ya dace da mutum yana ɗan shekara 40 ya zame masa dafi yana ɗan shekara 75. Ta biyu, ƙodar da ba ta da sauran ajiya, ƙaramin abu ke kayar da ita, abin da ta saurayi za ta shanye ba ta ko girgiza ba. A ƙara da cewa ruwan jikin tsoho ya fi na matashi ƙaranci, kuma ƙishirwarsa ta dushe, yana iya bushewa ƙarƙaf bai ji yana son ruwa ba.

Akwai wani tarko a cikin gwajin kansa, wanda ya kamata duk mai jinyar tsoho ya sani. Abin da ake aunawa a jini don sanin lafiyar ƙoda shi ne wani datti mai suna kiriyatinin, wanda tsokar jiki ke fitarwa, ƙoda kuma ta kwashe; idan ƙoda ta gaza sai ya hau. Amma tsohuwar da tsokarta ta zube, ɗan kaɗan take fitarwa, saboda haka ko ƙodarta ta yi rauni ainun, adadin yana iya zama daidai da na lafiyayye, a duba takarda a ce mata, "Hajiya, ƙodarki lafiya lau." Saboda wannan ne wasu likitoci biyu na ƙasar Kanada, Donald Cockcroft da Henry Gault, suka fitar da wani lissafi a 1976, wanda yake haɗa adadin da shekarun mutum da nauyinsa da jinsinsa. A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 30 mai nauyin kilo 70, da tsohuwa 'yar shekara 75 mai nauyin kilo 50, dukansu takardarsu ta nuna 88, wanda a wani ma'auni ake rubuta shi 1.0: bisa wannan lissafi ƙodar saurayin tana tace kimanin mililita 107 a minti ɗaya, ta tsohuwar kuwa 38 kawai, alhali adadin da ke kan takardunsu ɗaya ne. A yau ɗakunan gwaji da yawa sukan yi irin wannan lissafi da kansu, su rubuta sakamakon a gaban haruffan eGFR, kuma wannan lamba ita ce ta cancanci a haddace ta. Idan ta zauna ƙasa da 60 har tsawon wata uku, an shiga abin da likitoci ke kira ciwon ƙoda mai daɗewa. Ƙasa da 30, magunguna da yawa sai an rage su ko an sauya. Ƙasa da 15, an kusa maganar wankin ƙoda. Tare da gwajin jini akwai gwajin fitsari mai arha, wanda ke nuna ko ƙoda ta fara yoyon furotin, kuma shi yakan riga na jini ba da labari.

Yanzu bari mu je inda ɓarnar ta fi yawa. Duk wanda ya tsaya gaban kemis bayan sallar la'asar, ba zai daɗe ba zai ga yaro ya zo da kuɗi dunƙule a hannu, ya ce, "Wai in ji Inna a haɗa mata na ciwon gwiwa, irin na jiya." Mai kemis, wanda bai taɓa ganin Innar ba, bai san shekarunta ba, bai san cewa tana shan maganin hawan jini ba, sai ya ɓallo ƙwaya daga wannan kati, ya ɓallo daga wancan, ja da fara da ruwan ɗorawa, ya zuba cikin 'yar farar leda, ya ja layi biyu da biro a jikinta, ya ce a sha bayan an ci abinci. Ledar ba ta ɗauke da suna, ba ta ɗauke da awo, kuma ba abin mamaki ba ne a iske ƙwaya biyu daga cikinta 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya. Wannan gida shi ne na magungunan kashe zogi da kumburi, waɗanda za a gani a jikin kwali da sunayen ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen da indomethacin, mutane kuma suka fi sanin wasunsu da Brufen, Cataflam, Feldene da Indocid. Suna aiki, babu musu. Tsohon da sanyin ƙashi ya hana shi ruku'u, idan ya sha, gobe sai ga shi a sahu, shi ya sa yake ƙara aikawa. Ba na ɗora laifin duka a kan mai kemis, domin a ƙauyuka da yawa shi ne kaɗai abin da talaka ke iya kaiwa gare shi. Amma wanda ya ɗauki amanar sayar da magani, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya tambayi wa zai sha, shekararsa nawa, kuma me yake sha tun da farko.

Yadda waɗannan ƙwayoyi ke cutar da ƙoda abu ne da aka gano shi sarai. A 1971 wani masani Bature ɗan Ingila, John Vane, ya nuna cewa asfirin da danginsa suna kashe zogi ne ta hanyar hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, binciken da ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1982. Sinadaran nan su ne ke hura wutar kumburi a gwiwa, amma a cikin ƙoda wani aiki suke yi na alheri. Kowace 'yar matata tana da jijiyar da jini ke shigo mata da wadda yake fita, kuma tacewa ba ta yiwuwa sai jinin ya taru da ƙarfi a tsakaninsu. Misalinta kamar mai ban-ruwa ne a lambu, wanda idan ruwan rafi ya ja baya, yakan faɗaɗa bakin da ruwa ke shiga fangali, ya kuma ɗan datse bakin da yake fita, don fangalin ya samu ya cika. Furostagilandin ne ke faɗaɗa bakin shiga, maganin zogi kuwa ya hana shi. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan suna hana datse bakin fita. Ƙwayoyin sa fitsari, irin su Lasix da Moduretic, su kuma rafin kansa suke ragewa. Kowane ɗaya shi kaɗai ƙoda tana iya ɗauka, amma idan ukun suka haɗu a jikin tsoho, sai matata ta rasa dabarar da za ta kare kanta da ita, tacewa ta faɗi cikin 'yan kwanaki. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2013, wanda ya duba bayanan mutum kusan rabin miliyan masu shan maganin hawan jini, ya iske cewa haɗa ukun nan yana ƙara haɗarin tsayawar ƙoda farat ɗaya da kashi 31 cikin ɗari, a cikin kwana 30 na farko kuwa da kashi 82. Abin tausayi shi ne biyun farko likita ne ya rubuta su bisa ilmi, na ukun kuwa jika ne ya sayo bisa ƙauna, kuma babu wanda ya gaya wa wani.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗauke wa mahaifinsa maganin hawan jini. Lisinopril da losartan, idan an sha su bisa ƙa'ida ana kuma duba jini lokaci-lokaci, suna cikin mafi amfanin abin da ke kare ƙoda, musamman ta mai ciwon sukari, kuma jinin da aka bari yana hawa ya fi kowace ƙwaya cin ƙoda. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa maganin asibiti ne ke kashe ƙoda, saboda haka gara a bar shi, ta kai mutane da yawa ga shanyewar ɓarin jiki. Baƙon da ya shigo ba da izini ba, watau maganin zogin, shi za a fitar.

Ba mu ne farkon waɗanda al'adar shan maganin gajiya kullum ta ci ba. A 1953 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwizalan, Spühler da Zollinger, suka ba da labarin wata irin lalacewar ƙoda da suka yi ta gani, daga baya aka danganta ta da wani maganin ciwon kai mai suna phenacetin, wanda ma'aikatan masana'antun agogo suka mayar abin sha na yau da kullum don su jure dogon zama a kan aiki. A Ostiraliya ma haka aka yi, inda matan gida suka saba da wani garin magani mai suna Bex, haɗin asfirin da phenacetin da sinadarin gahawa, suna sha safe da yamma, har wata likita mai suna Priscilla Kincaid-Smith ta tashi tsaye tun farkon shekarun 1960 tana nuna cewa shi ne ke cika asibitoci da masu mutuwar ƙoda. Aka ɗauki shekaru ana jayayya, kafin ƙarshen shekarun 1970 hukuma ta hana sayar da irin wannan haɗi barkatai, Amurka ita ma ta janye phenacetin a 1983, cutar kuwa ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Ƙwayoyinmu na yau ba phenacetin ba ne, amma ɗabi'ar ita ce dai: manomi ko ɗan dako ko tsohuwar da ta wuni tana surfe, kowane dare sai an sha na gajiya, shekara da shekaru.

To, me za a ba tsohon da gwiwa ta hana shi sakat? Domin ba adalci ba ne a ce masa ya yi haƙuri kawai. Mafi sauƙin illa ga ƙoda shi ne farasitamol, muddin an tsaya a kan awonsa: ƙwayar miligiram 500 guda biyu, sau uku a yini, ta ishi galibin tsofaffi, wanda kuma bai kai kilo 50 ba ko yake da ciwon hanta sai a rage masa, kuma ba a yarda kowa ya wuce ƙwaya takwas a yini ba. A lura kuma, akwai kafso da yawa da aka cusa farasitamol da ibuprofen ko diclofenac a ciki tare, saboda haka sai an karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwali. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya aminci nesa ba kusa ba, don ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke isa jini. Gashi da ruwan ɗumi, da rage ƙiba, da riƙe sanda, da yin salla a zaune ga wanda tsayuwa ta gagare shi, wanda shari'a ta yarje masa, duk suna rage bukatar ƙwaya. Shi kuwa ƙaramin asfirin na miligiram 75 da likita ke rubuta wa mai ciwon zuciya, hukuncinsa daban ne, ba a barinsa sai da izinin wanda ya rubuta.

Akwai kuma wani rukuni na magunguna waɗanda ba su cika taɓa ƙodar ba, amma idan ta yi rauni sai su taru su cuci sauran jiki, kuma a ganina wannan ya fi ban tsoro, domin alamominsa sukan yi kama da tsufa kansa. Metformin, wanda shi ne maganin ciwon sukari na farko a ko'ina, ana rage shi idan lambar nan ta eGFR ta sauka ƙasa da 45, a daina shi ƙasa da 30. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, yana iya kayar da sukarin tsoho ya riƙe shi a ƙasa yini guda ko fiye, a same shi da asuba yana gumi, yana sambatu, ko ba ya motsi. Hatta allurar insulin bukatarta takan ragu yayin da ƙoda ke rauni, don ita ce ke kawar da wani kaso nata. Digoxin na zuciya idan ya taru yakan kawo amai da ƙin abinci da rikicewar bugun zuciya. Tramadol da pregabalin da gabapentin sukan kawo magagi da jiri da faɗuwa. Sau nawa aka ga dattijo mai cikakken hankali ya rikice cikin mako ɗaya, ba ya gane 'ya'yansa, iyali suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce sammu ne ko iska, aka shiga neman rubutu da hayaƙi, alhali sababin yana nan cikin ledar da ke ƙarƙashin matashinsa? Addu'a ba ta hana bincike, kuma duk rikicewar da ta zo wa tsoho kwatsam, a fara tuhumar magani da zazzaɓi kafin a tuhumi shekaru.

Bayan waɗannan akwai wasu magungunan da su ma sai an kiyaye su. Allurar gentamicin, wadda ake yi wa mutane a ɗakunan bayan kemis da sunan maganin taifot ko sanyi, tana ƙona ƙoda kai tsaye, tana kuma iya kurmantar da mutum har abada. A asibiti ma sai an auna nauyi an duba jini ake ba da ita. Septrin idan ya haɗu da lisinopril ko spironolactone yakan tara sinadarin fotashiyam a jini har ya tsayar da zuciya. Omeprazole na gyambon ciki, wanda wasu ke sha shekaru ba wanda ya sake duba dalili, shi ma yakan jawo kumburin ƙoda ga wasu mutane.

Maganar maganin gargajiya tana bukatar adalci, don ba na cikin masu raina shi. Magabatanmu sun ɗauki tibbi a matsayin ilmi mai ƙa'ida; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan ciwon basur da ciwon ido da ciwon ƙoda, kamar yadda likita Arrazi ya yi rubutu a kan tsakuwar ƙoda da mafitsara ƙarnuka kafin shi. Amma cewa abu daga itace ya fito ba hujja ba ce ta amincinsa. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke babban birnin Beljiyam, aka ba mata wani haɗi na saiwoyin ƙasar Sin, aka yi kuskure aka sa wata saiwa ta dangin tsiron da masana ke kira Aristolochia a madadin wata. Likita Jean-Louis Vanherweghem ya bayyana al'amarin a 1993, kuma mata fiye da 100 ne ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka kai su ga wanki ko dashe, wasu kuma daga baya sankarar hanyar fitsari ta kama su. Wannan dangi na tsiro yana nan a dazuzzukanmu, duman dutse ɗaya ne daga cikinsa. Idan haka ta faru a inda ake da ɗakunan gwaji, ina ga jarkar da ake tallarta da lasifika a bakin tasha, wadda aka ce tana maganin basur da sanyi da taifot da hawan jini gaba ɗaya, ba a san abin da ke ciki ba, ba a san ƙarfin na yau da na jiya ba, awonta kuwa kofi ne? Mafi haɗari a cikinsu su ne masu sa gudawa da sunan wankin ciki, domin su ne ke zuƙe ɗan ruwan da ya rage wa tsoho; jiƙon kanwa kuma gishiri ne mai tayar da jini. Wanda ya ga lalle sai ya sha na gargajiya, to, ya faɗa wa likitansa ba tare da jin kunya ba, likita kuma ya saurara ba tare da tsawa ba, don tsawar ce ke sa mutane ɓoyewa.

Ranakun da ƙodar tsoho ta fi shiga haɗari su ne ranakun da ruwa ya ƙaranta a jikinsa: ranar amai da gudawa, ranar zazzaɓi mai zafi, da tsakiyar bazara lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40. Likitoci a ƙasashe da dama sukan koya wa majinyatansu cewa idan amai ko gudawa ya yi tsanani har mutum ba ya iya riƙe ruwa, a dakatar da ƙwayoyin sa fitsari, da lisinopril ko losartan, da metformin, da duk wani maganin zogi na gidan da muka ambata, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a koma wa magungunan bayan ya yi yini ɗaya ko biyu yana ci yana sha. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta da likita tun ana lafiya, ya rubuta sunayen waɗanda za a dakatar, don mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta riga ta yi nisa, shi an ƙayyade masa ruwan da zai sha, ɗura masa ruwa kuma wata illa ce. Haka nan mai niyyar aikin Hajji. A Hajjin 2024, da zafin Makka ya haura digiri 51, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, saboda haka bai kamata dattijo ya hau jirgi da jakar magani ba tare da an duba ƙodarsa an tsara masa yadda zai sha ba.

Azumi kuwa, na san babu abin da ya fi wa tsoho ciwo kamar a ce masa ya sha, shi da ya yi shekara sittin bai sha ba, jikokinsa kuma suna kallo. Amma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayani filla-filla cewa mara lafiyar da ke tsoron ƙaruwar cutarsa an yi masa rangwame, wanda kuwa yake tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa, tsohon da ba ya iyawa kuma an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma karɓar rangwamen Ubangiji shi ma ɗa'a ne. Likitocin ƙoda galibi suna shawartar wanda lambarsa ta sauka ƙasa da 30 kada ya ɗauki azumi. Wanda ke sama da haka ya je a gyara masa lokutan maganinsa tun cikin Sha'aban, kada ya tara na safe da na rana da na dare ya watsa su baki ɗaya da shan ruwa. Irin wannan magana ta fi shiga kunnen dattijo idan daga bakin limaminsa ta fito.

Ga tsofaffi maza akwai wata ƙofa ta daban. Ƙululun da ke wuyan mafitsara, wanda ake kira furostet, yakan kumbura da shekaru ya matse hanyar fitsari, kuma magungunan mura da na ƙaiƙayi irin su Piriton, da Buscopan na murɗar ciki, da amitriptyline, suna iya ƙarasa toshe ta. Fitsarin da ya rasa mafita kuwa baya yake komawa ya danne ƙoda. Tsohon da ya wuni bai yi fitsari ba, mararsa ta yi tauri, asibiti za a kai shi a daren, ba a jira gari ya waye.

Dalilin da ya sa na tsawaita haka shi ne abin da ke jiran wanda ƙodarsa ta mutu a ƙasarmu. Wankin ƙoda, yadda ya kamata, sau uku ne a mako, kowane zama wajen awa huɗu, har iyakar rai, kuma galibin iyalai ba sa iya ɗaukar kuɗinsa fiye da 'yan watanni, bayan an sayar da gona da shanu. Dashe ana yinsa, tun da aka fara a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi baya a 2002, amma sai an sami mai bayarwa, sai an sha magani mai tsada har abada, kuma ba kowane tsoho jikinsa ke ɗauka ba. Mutanen Gashuwa da Nguru da kwarin Haɗeja, inda aka daɗe ana kuka da yawan wannan ciwo, sun san abin da nake faɗa fiye da ni. Idan aka auna wannan da kuɗin gwajin jini da na fitsari sau ɗaya a shekara, ko sau biyu ga mai hawan jini da mai ciwon sukari, za a ga cewa gwajin kusan kyauta ne.

Abin da ya rage aiki ne na cikin gida, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A gidan da 'ya'ya suke da yawa, kowa yakan kawo nasa maganin: na Abuja ya aiko da na asibitin kuɗi, ta gidan miji ta zo da wanda ya yi wa surukarta amfani, maƙwabci ya miƙo ragowar nasa, Baba kuwa don kada ya ɓata wa kowa rai sai ya sha duka. Ya kamata a wakilta mutum ɗaya mai karatu, ɗa ko jika, ya zama shi ne mai riƙe da maganin, kome zai shiga bakin tsoho sai ya bi ta hannunsa. Ranar zuwa asibiti ya tattara kome cikin jaka ɗaya, na likita da na kemis da na shafawa da garin da ke ƙulle a takarda da gorar jiƙo, ya zube su a teburin likita ko na masanin haɗa magunguna, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da Baba yake sha, nawa ne lambar ƙodarsa, wanne ne a ciki bai dace da ita ba, wanne kuma za a iya bari?" Ya rubuta lambar da ranar da aka auna ta a bangon katin asibiti, ya nuna ta ga duk wanda zai sake rubuta magani, har mai ɗaukar hoton da ake yi wa allurar rini, don rinin ma yana taɓa ƙoda mai rauni. Kada ya karɓi ƙwayar da aka ɓalle daga katinta ba suna, ya kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Idan kuwa ya ga ƙafafun tsohon sun kumbura, ko fuskarsa ta tasa da safe, ko fitsarinsa ya ragu ko yana kumfar da ba ta kwanciya, ko ya shiga ƙin abinci da tashin zuciya da shaƙuwa mai naci, musamman cikin makonnin farko na fara wani sabon magani, to, ya ɗauki jakar da mai jakar su tafi asibiti a ranar.